Garkar bayan ɗaki: a lissafa ruwa kafin a taɓa kuɗin adashi

Wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a Tawa ta aiko da tambaya. Tana da tebur a ƙofar gida, tana saro tumatir da albasa da tattasai a kasuwa, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba, ga shi kuma wani lokacin kayan kan lalace a hannunta. A bayan ɗakinta akwai fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Akwai famfo a gidan, sai dai yana yawan ɗaukewa idan zafi ya shigo, dole ta sayi ruwa wurin ƴan garuwa, jarka ɗaya dala 10, wato sefa 50. Kwasar adashinta ta kusa, jika 150. Abin da take son sani shi ne, ta zuba kuɗin nan ta yi garka, ta noma tumatir da albasar da za ta riƙa sayarwa ta huta da saro? Kuma ta ƙara da bashi ta sayi babban tanki?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Garka kam ki yi ta. Amma kada ki zuba mata jika 150, kada ki cika ta da tumatir da albasa, bashi kuma ki bar shi inda yake tukuna. Bari in kawo miki dalili, kuma da ruwa zan fara, don a ƙasar Adar duk wanda ya yi lissafin garka bai fara da ruwa ba, daga baya ruwan zai zo ya yi masa lissafin.

Filinki mita 80 ne idan an buga tsawo da faɗi. Ba dukansa za a shuka ba. Hanyoyin da za ki bi tsakanin fangali da fangali, wurin tara taki, wurin ajiye duro, za su cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu ce mita 50 ta rage. A lokacin sanyi kowace mita ɗaya tana shan kamar lita 6 a rana, idan kuma aka shiga Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai ta nemi lita 10. Ke nan lita 300 kullum a sanyi, lita 500 a bazara. Mai da shi jarka mai lita 25: jarka 12 a rana, bazara kuma 20. A farashin da kika faɗa, jarka 12 sefa 600 ce a rana, jika 18 a wata. Tumatir daga reno zuwa ƙarshen tsinka yana cin wata huɗu ko fiye, kin ga jika 72 ta tafi a ruwa kaɗai. Me zai dawo? Idan Allah ya ba da sa'a, ƙwari ba su shiga ba, mita ɗaya kan ba da kilo 2 zuwa 3. Mita 50 ke nan kilo 100 zuwa 150. Ki raba jika 72 a kan wannan, za ki tarar kowane kilo ya sha ruwan sefa 500 zuwa 700 tun kafin a sa kuɗin iri da taki da wahalarki. Ke da kike saro kin fi ni sanin nawa ake ba da kwando a Janairu da Fabrairu.

Ruwan famfo ya fi na garuwa sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa ban ce ki haƙura da garkar ba. Amma shi ma ki sani farashinsa hawa-hawa ne. Abin da gida ya fara sha a wata shi ke da araha, idan aka zarce sai a shiga matakin da ya fi tsada. Lita 300 a rana lita 9,000 ce a wata, wato mita 9 ta ruwa a lissafin takardar famfo, kuma a kan abin da gidan ya saba sha za ta hau, don haka a farashin sama za a lissafa miki ita. Ki ɗauko takardar ruwanki ta watannin baya ki duba inda kuke tsayawa. Idan gidan na haya ne, ko kuna raba kuɗin ruwa da wasu, a zauna a yi magana tun yanzu. Garka ta sha haɗa maƙwabta faɗa a kan takardar ruwa.

Sai batun abin da kike son shukawa. Albasa, Hajiya, a jihar Tawa kike fa. Galmi na nan, wadda sunanta ya bi albasar Nijar har Gana da Kodebuwa da Togo da Benin. Ga Madawa, ga Ƙonni, ga kwarin Maggiya, ga masu noman rani a bakin tafkin Tabalak. Waɗannan mutane da injin ban ruwa suke aiki, a fili mai faɗi, ruwa na kusa da su, a buhu suke lissafi. Albasa tana kwana 45 ko kusa da haka a wurin reno, ta ƙara wata uku zuwa huɗu bayan dashe, kuma albasarki za ta nuna daidai lokacin da tasu ke fitowa, Maris da Afrilu, lokacin da farashi ke faɗuwa ƙasa warwas. Masu cin ribar albasa su ne waɗanda ke zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, su jira damina ta wuce, farashi ya tashi, su ma kuma suna asarar wani kaso a ruɓewa. Buhu ɗaya ko biyu da za ki samu a bayan ɗaki ba zai kai ki wannan sahun ba. In albasa kike so ki ci riba a kanta, saye a kaka da ajiya shi ne hanyar, wannan kuwa wata magana ce daban.

Tumatir ma labarin kusan ɗaya ne, har ya ɗara. Lokacin da zai yi miki kyau shi ne lokacin da yake yi wa kowa kyau, kasuwa ta cika, wasu ma sai sun yanka sun shanya sun yi kauɗa don kada su zubar. Lokacin da yake tsada kuwa, daga bazara zuwa damina, akwai dalilin tsadar: idan zafi ya wuce digiri 35 furensa kan kaɗe bai ƙulla ɗa ba, damina kuma ta zo masa da cututtukan ganye. Ga tsutsar nan Tuta absoluta mai shiga cikin ganye da ɗan tumatir, wadda ta yi wa manoman Kano mummunar ɓarna a 2016, kuma tana nan a garake a Nijar. Ki dasa gindi 10 ko 15 saboda miyar gida, wannan ya isa.

To me za a shuka? Abin da babbar mota ba ta iya kawowa da kyaunsa. Albasa tana kwana bisa hanya ta iso lafiya. Salati kuwa, ko alayyafo, ko na'ana'a, ko lawashi, kafin ya wuni ya yi laushi, mai saye ya ɗaga ya ajiye. Nan ne garkar cikin gari ta fi gonar nesa. Dubi Yamai: garaken Gamkalle da na kwarin Gunti Yena a cikin birni suke, fili ƙanana ne, kuma ganye ne ƙarfinsu, saboda kasuwa na kusa. Ke kin ma fi su da abu ɗaya, teburin naki ne, masu saye naki ne. Ba dillali, ba kuɗin mota. Daga fangali zuwa tebur taku ashirin ne.

Ɗauki salati mu gani. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin gindi da gindi, yana ɗaukar kamar gindi 40. Sati biyu zuwa uku a reno, kwana 30 zuwa 40 bayan dashe ya isa cira. Ruwan da zai sha a wannan tsakanin kamar lita 630 ne, jarka 25 ke nan, ko da na garuwa ne bai wuce sefa 1,250 ba. Mu ƙaddara kin sayar da kowane gindi sefa 100, jika 4 ke nan daga fangali ɗaya cikin wata ɗaya da ƴan kwanaki, sannan ki sake dasa wani a wurin. Ki sa farashin unguwarku a madadin nawa ki sake bugawa. Abin lura shi ne kuɗin yana juyawa da wuri, irin yadda kika saba a tebur, ba sai kin binne shi wata huɗu kina kallo ba.

Alayyafo da yakuwa da lalo sun fi salati haƙuri, suna jure zafi, kuma ba cirewa ake yi ba. Yanka ake yi, a bar kamar tsawon yatsa biyu ko taƙi daga ƙasa, su sake tofowa, bayan sati biyu a kuma yanka. Shuka ɗaya, girbi uku ko huɗu. Na'ana'a ba ta ma bukatar iri: reshe za ki samu wurin mai ita ki soka a ƙasa mai laima, a ɗan inuwa, ta bazu da kanta. Tsohuwar roba ko rabin jarka ta ishe ta, gara ma a can, don idan aka sake ta a fangali takan mamaye na kusa da ita. A garin da ko'ina ka waiga akwai fada da butar shayi bisa gawayi, mai na'ana'a ba ya kwana da kaya. Lawashi kuma shi ne hanyar da za ki ci albasa ba ki yi gasa da Galmi ba: ƙananan albasar da suka fara tsiro a teburinki, waɗanda kike karyar da su, ki dasa su, cikin ƴan makonni ki fara yankar ganye.

Zogale na bar shi daga baya don shi ne na fi so ki ba muhimmanci. Ki jera shi a bakin katanga da gefen fili, zai zame miki shinge, ya rage wa ƙananan shuke-shuke iska da rana. Wata biyu zuwa uku bayan shuka ana fara tsinkar ganye. Kada ki bar shi ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Da ya kai ƙugu ki datse kansa, sai ya yi rassa, ganye ya yawaita. Yana jure ƙishi fiye da duk sauran, ruwan alwala da na wankin shinkafa ma sun taimaka masa (ban da ruwan omo, wannan yana ɓata ƙasa). Masu dambu da masu kwaɗo kullum suna nemansa, abin da ya rage kuma a shanya a inuwa a sayar busasshe, ba asara. Akwai irin PKM1 da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta taimaka wajen yaɗawa a ƙasar nan, yana saurin girma da yawan ganye. Idan kin samu, madalla. Idan ba ki samu ba, na gida ma ya yi.

Kuskuren da na fi gani wurin masu sabuwar garka shi ne su shuke fili duka rana ɗaya. Sai komai ya nuna rana ɗaya, salati gindi 300 ga tebur mai masu saye 20, a ƙarshe a bi maƙwabta da kyauta. Ki riƙa zuba reno kaɗan-kaɗan, duk kwana 10 ko sati biyu, ta yadda kullum akwai fangali ɗaya da ake cira, ɗaya na tasowa, ɗaya an dasa. Salati da shu (kabeji) da karoti na sanyi ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Da zafi ya kama, salati sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Daga nan ki rage fili, ki tsaya kan zogale da alayyafo da na'ana'a, ki lulluɓe ƙasa da kara ko busasshiyar ciyawa don ruwa ya daɗe. Damina ta kuɓewa ce da yakuwa, sama na yi miki ban ruwa kyauta. Ki kuma sa ido kan azumi, don yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 farkon Maris ya kama, a 2026 cikin Fabrairu, ke nan shekarun nan yana faɗowa a lokacin da salati ke yi. Kin san yadda ake rububinsa da la'asar. Ki ƙirga kwana 55 baya daga farkon azumi ki zuba reno, ki ƙara wani bayan kwana 10, ki kuma ƙara.

Yanzu kuɗi. A jika 150 ɗin nan, ni dai ba zan so ki fitar da fiye da 40 ba a shekarar farko, kuma rabin fili za ki fara da shi, mita 25. Abin da za su saya: shinge, shi ne farko, don akuya ɗaya ko kajin maƙwabta za su gama da aikin wata guda kafin ki idar da sallar azahar. Sai duro biyu masu lita 200 da za ki tara ruwa da dare ko duk lokacin da famfo ya kawo. Mita 25 na shan lita 150 a rana a sanyi, kin ga duro biyu za su riƙe ki kwana biyu da wani abu idan an ɗauke. Sai butar ban ruwa mai rariya a baki, da fartanya, da iri, da taki amalanke ɗaya ko biyu. Takin ya zama ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ya daina zafi. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kawo ciyawa da gara. Tsohon gidan sauro kada ki yar, ki rufe wurin reno da shi, ƙadangaru da tsuntsaye ba sa raga wa tsiro.

Iri ki saya a shagon da aka sani, cikin takardarsa, ki duba kwanan wata. Irin salati da na albasa ba sa daɗewa da rai a zafin nan namu, wanda ya shekara a rana bisa tebur ya riga ya mutu. Kafin ki zuba, ɗauki ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana huɗu ko biyar. In 8 suka tsiro, iri ne. In 3 ne, ki koma da shi. Wanda aka rubuta wa F1 yana ba da amfani mai kyau, amma ba a ajiye ƴaƴansa a sake shukawa, ba za su fito kamar uwar ba.

Sauran jika 110 su zauna a teburinki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma teburin shi ne ke kawo masu sayen da garkar za ta dogara da su. Idan kika kwashe jarinsa, mai zuwa neman tattasai ta tarar babu, za ta wuce gaba, salatin ma can za ta saya. Bashin tanki kuwa, ranar biya ba ta san ƙwari sun shiga ba, ba ta san an yi sati babu ruwa ba. Tanki kuma ajiya kawai yake yi, ba ya haifar da ruwa. In har kin matsu da ɗan abin cikawa, asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasa duka, ya fi miki sauƙi, don ƙaramin rance ne tsakanin waɗanda suka san juna.

Ki ware wa garka gwangwaninta da littafinta, ko da ɗanki ɗan makaranta ne zai riƙa rubuta miki. Duk abin da ya shiga, duk abin da ya fita. Abu biyu ake mantawa. Na farko, abin da aka tsinka aka sa a tukunyar gida, ki rubuta shi a farashin da za ki saya, don kuɗin cefane ne ya tsaya a hannunki, kuma sau da yawa nan ne rabin ribar garkar gida take ɓuya. Na biyu, aiki. Ban ruwa safe da yamma ne, ba Juma'a ba ranar suna. In ke za ki yi, wa ke tsaron tebur? In yaro za ki ɗauka, ladansa ya shiga littafi. Ranar da za ki tafi biki Ƙonni ki kwana biyu, wa zai shayar? Ki samo amsar wannan kafin ki sayi iri.

Kan maganin ƙwari zan ɗan ja kunne, don ganyen nan ɗanye ake cin wasu, kuma ƴaƴanki ne za su fara ci. Fiya-fiyar da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba ta da hurumi a kan salati, komai yawan masu yin haka. Ƴaƴan dogon yaro sun wadatar a ƙaramar garka: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan sati. Tsutsar shu kuwa a fili kamar naki hannu ma yana tsince ta. Idan abin ya gagara har sai an sayi magani, a nemi mai takarda wanda kwamitin maganin ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da shi, a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi. Malaman gona na nan a Tawa, kuma RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, tana fitar da bayanai kan ƙwari da magunguna har da Hausa. Idan kika tumɓuke kuɓewa ko tumatir kika ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, ƙasar ta kamu da tsutsar saiwa. Kada ki maimaita su a wurin, ki sa lawashi zagaye ɗaya ko biyu.

Girbi da sassafe ake yi, kafin rana ta taɓa ganye, ko da la'asar sakaliya in kasuwar yamma ce. Ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Kada ki cire fiye da abin da za ki sayar, sauran ya jira a fangali, can ba ya yaushi. Mai saye ta ce tana son gindi uku, ki ce ta dakata, ki shiga ki ciro mata da ƙasa a saiwarsa, gobe da ƙawarta za ta dawo. Kuɓewa duk kwana biyu ake tsinka tun tana ƙarama, in ta tsufa ta zama itace kuma uwar ta rage haihuwa. Ki nemi mai abinci ɗaya ko mai shayi biyu da za su riƙa karɓa kullum, amma ki yi hattara da a-kawo-a-biya-gobe, ƙulli biyar na na'ana'a bashi kullum jika ce a ƙarshen sati.

Batun tanki da faɗaɗa fili mu bar shi sai kin ratsa Maris da Afrilu da Mayu sau ɗaya da mita 25 ɗin nan. Ki rubuta kwana nawa famfo ya ɗauke, jarka nawa kika saya, nawa takardar ruwa ta ƙaru. Idan bayan an cire wannan duka gwangwanin garka ya tara abin da zai sayi tanki da kansa, ki saya, ki buɗe sauran rabin filin a Oktoba. Idan bai tara ba, ki tsaya a noman sanyi da damina, bazara ki bar zogale da na'ana'a kaɗai.